Allurar Rediyon Maigidana

'Yan uwa masu karatu, ina yi muku sallama. Abin da zan ba ku ba tatsuniya ba ce, ba kuma ji na yi a bakin wata a gidan suna ba. A kaina ya faru, a garin Malbaza, cikin wata damina 'yan shekarun baya, a ɗakin da har yau nake sharewa da hannuna. Wallahi ni mace ce mai tsoron ƙara gishiri a magana, balle maganar da ta shafi wanda ya riga mu gidan gaskiya, don haka abin da idona ya gani da abin da kunnena ya ji kawai zan faɗa, sauran na bar wa Allah.

Maigidana, Allah ya jiƙansa, Babarbare ne, mutumin gabas. Aikin soja ya kawo shi ƙasar Konni, a sashen sadarwa, da ya yi ritaya kuma ya ce shi ya zama ɗan nan, ya zauna yana 'yan gyare-gyaren lantarki. Amma abin da ya fi ƙauna a duniya bayan iyalinsa shi ne rediyonsa. Ba irin wadda ake jin labarai da ita ba, a'a, irin wadda kake magana a ji ka a wani gari, a amsa maka, wadda sai mai takardar izini daga hukuma yake taɓawa. Yana da ɗan ɗaki kusa da zaure, da batir da farantin sola, da doguwar wayar eriya da ya ɗaure daga kan bishiyar bedi zuwa wani ƙarfe a bayan gida. Maƙwabta har tsokanarsa suke yi, wai igiyar shanya ce ta aljanu.

Yakan yi magana da mutanen ƙasashen da ban san sunansu ba, amma abokin hirarsa na kullum ɗaya ne, Mushe Idi, tsohon malamin lakwal, wato makarantar boko, Bafillace, yana zaune a Illela, tamu ta Tawa nake nufi. Kullum bayan la'asar, ko ana ruwa ko ana rana, sai sun gaisa. Kun san Babarbare da Bafillace, ba a raba su da wasa. Wannan ya ce bawana, wancan ya ce kai ne bawan. Suna da wayar salula dukansu, amma sun yi alkawarin ba za su kira juna da ita ba, wai ta yara ce.

To faɗansu na kullum a kan abu guda yake. A gaban rediyon akwai maɓallai biyu na murɗawa da maigida ya fi kula da su. Ɗaya na ƙarfin watsawa ne, wato nisan da maganarka za ta kai. Ɗayan na ƙarfin murya ne, wato yawan abin da makirfo yake turawa ciki. Sannan akwai wata 'yar allura a bayan gilashi da take rawa idan kana magana, da wani jan layi a gefenta. Ƙa'idar maigida ita ce, ka yi magana yadda kake yi da mutum a tabarma ɗaya, makirfo na nesa da bakinka kamar taƙi guda, ka riƙa murɗa na muryar a hankali har allurar ta riƙa zuwa bakin jan ta dawo, kada ta shiga. Yakan ce mini, tulu idan ya cika, abin da kika ƙara ba naki ba ne, ƙofar maƙwabci zai kwarara. Wai idan allura ta shiga ja, murya fashewa take yi, ta fantsama ta ɓata wa wasu hirarsu. Na ƙarfin watsawa kuwa, ba ya ba shi fiye da abin da zai kai saƙo, da ya gama kuma ya mayar da shi can ƙasa. Cewa yake yi mutumin da ke bakin ƙofarka ba a kiransa da ihu.

Mushe Idi kuwa, wayyo, mutumin da ya ƙare rayuwarsa yana yi wa yara tsawa a aji! Idan ya yi sallama, daga madafa nake jin lasifikar tana karkarwa. Maigida ya ce, "Kai Bafillace, ba shanu kake kira ba, rage!" Shi kuma ya ce, "Kunnuwanka na sunka mutu, Babarbare, murya ta lahiya lau take." Haka suke, shekara da shekaru.

Yadda aka yi na san duk wannan, ciwon suga ne ya taɓa wa maigida ido, daga baya kuma hawan jini ya taɓa masa ɓarin jiki, muryarsa ta yi rauni. Ni na yi lakwal har kwalej kafin aure, don haka ya mayar da ni idonsa. Ina zaune gefensa a kan kujerar tsugunno, ina tsince wake ko ina ɗinki, idona na kan gilashin, ina ce masa ta taɓa, ko ba ta kai ba. Tun yana da lafiya ya ɗiga farin fenti da tsinken ashana a daidai inda maɓallin muryar yake dacewa da shi. Da muryar ta fara ja baya sai ya zama allurar ba ta ko ɗagawa a wurin, dole muka riƙa ƙarawa, ina ɗiga sabon fenti gaba da na farko, bayan 'yan watanni in sake ɗiga wani. Ranar da na ɗiga na ƙarshen, can kusa da inda maɓallin ya ƙure, ya shafa da yatsa ya yi murmushi ya ce, "Uwar Rabi, fili ya kusa ƙarewa." Na ce ya daina irin wannan magana. Na fita na yi kukana a bayan ɗaki.

A haka na haddace rawar allurar nan kamar yadda kika san takun mijinki a zaure. Sallamarsa tana da yadda take tafiya, ta ɗan ɗaga, ta yi tsalle, ta sauka a hankali. Yana da wani ɗan gyaran murya da yake yi kafin ya kira lambar abokinsa, allurar ta zabura sau ɗaya ta koma. Ko kunnena a toshe, in na kalli gilashin na san shi ne.

Ranar ƙarshe da suka yi hira, wata Laraba, Mushe Idi ya shigo da ƙarfinsa kamar kullum, shi ma lokacin yana kwance da ciwon zuciya, rediyon a gefen gadonsa aka ajiye masa, amma bakin bai mutu ba. Maigida ya yi dariya har da tari, ya ce, "Ka ji na rantse, in ba ka rage muryar nan ba, ba ni sake amsa maka. Ka yi ta kira." Mushe Idi ya ce, "Ka yi hushinka, wa ya damu da kai!" Suka yi dariya suka rufe. Washegari da hantsi, yana zaune a inuwar bedi ina dama masa fura, ya jingina da bango, shi ke nan. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Ranar addu'ar uku, ɗiyar Mushe Idi, Dije, ta zo gaisuwa daga Illela. Ta ja ni gefe ta riƙe hannuna ta ce, "Inna, don girman Allah ina roƙonki abu guda. Baba bai sani ba. Likita ya ce zuciyarshi ba ta ɗaukar tashin hankali, mun yanke shawarar mu ɓoye mishi har ya ɗan ji sauƙi. Kada wani ya hwaɗa mishi ta ɓangarenku." Kun san abin da ake yi ne a ƙasarmu, ana ɓoye wa tsoho mara lafiya mutuwa don tausayi. Na ce na yi alkawari.

Ƙanen maigida da ya zo daga Konni ya tattara ƙananan kayansa, hula, agogo, tasbaha, takardu, har da makirfon rediyon, ya cire shi ya naɗe wayarsa, ya zuba duka a akwatin ƙarfe ya sa kwaɗo ya tafi da mabuɗin, sai ranar rabon gado. Ita rediyon da yake a haɗe take da batir da wayoyi, ya ce a bar ta inda take.

Na shiga takaba. Mutane suka watse, gida ya yi shiru, sai ni da wata gwaggona da ta zo taya ni zama, ita kuma kunnenta ya yi nauyi. Abin da ya fi yi mini ciwo shi ne bayan la'asar. Jikina ya saba, da na sallame sai in ji ƙafata tana ja na zuwa ɗakin nan. Wata rana na kasa daurewa, na shiga, na zauna a kujerata, na kunna, don kawai in ji shuuu ɗin nan da take yi. Ban taɓa komai ba, tana nan a tashar da ya bar ta.

Sai ga murya. "Babarbare, Babarbare, Bafillace na kira. Ka jiya?"

Wallahi sai da na dafe bango. Ya kira, ya saurara, ya sake kira. Can ya ce, "To, na rage. Ka gani? Na rage kaɗan. Yanzu fa?" Ya jira. Ba amsa. Ya ce, "Sai gobe in Allah ya kai mu."

A nan na gane abin da ke faruwa. Ashe da ya tambayi 'ya'yansa, ce masa suka yi abokinsa yana nan lafiya. To tunda yana lafiya kuma ba ya amsawa, sai tsohon nan ya ɗauka rantsuwar ran Laraba ce ta tabbata, fushi ake yi da shi a kan murya.

Washegari na sake kunnawa, na ce ko ya haƙura. Ina! Ya zo, muryar ta fi ta jiya ƙasa. "Na ƙara ragewa. Allura ko rabi ba ta kai. Haba Babarbare, wasa na fa." Kashegari ya ƙara ragewa. Kullum sai ya rage. Da na muryar ya ƙare masa sai ya koma kan na ƙarfin watsawa, na ji shi da bakinsa yana cewa wataƙila shi ne ya yi yawa. Daga baya shi da kansa ya koma yin raɗa. Jama'a, mutumin da ake jin sallamarsa daga madafa, shi ne sai na manna kunnena da lasifika kafin in tsinci maganarsa a cikin shuuu. Ya daina cewa bawana. Ya koma cewa ɗan uwana.

Na kira Dije a waya ina kuka, na ce ɗiyata ku faɗa masa, abin da kuke gudu shi kuke yi masa a hankali, mutumin nan yana zaton amininsa ya yanke shi. Ta ce, "Inna, mun sani, abinci ma ya rage ci. Amma in munka hwaɗa ya hwaɗi, wa za a ce ya kashe shi? Ki ƙara muna haƙuri." Ban ga laifinta ba, uba ne. Ni kuma ga alkawari a wuyana, ga takaba ba ni fita, ga makirfo a kulle, ko da yana nan ma ba ni da izinin taɓa shi. Abin da nake tsoro ɗaya ne, kada Mushe Idi ya mutu yana ganin maigidana ya tafi da fushinsa. Na yi ta addu'a a sujada, na ce ya Allah ka kawo mafita ta inda ban sani ba.

Ranar da abin ya faru, Juma'a ce. Hadari ya haɗu ta gabas amma bai iso ba, gari ya yi lumshi, kamiyoyin siminti, manyan motocin nan, suna wucewa a titi kamar kullum, yaran maƙwabta suna wasa a waje, ido na ganin ido dai, ba wani dare ba balle a ce tsoro ne ya ruɗe ni. Na sallame la'asar na shiga na kunna. Na daɗe ban ji komai ba, har na ce yau bai samu tashi ba. Can ƙasa, kamar mai magana daga cikin rijiya, na ji, "Ɗan uwana, ba sauran abin ragewa. In na yi maka laihi ka yahe mini."

Sai rediyon ta yi ƙas.

Wanda ya san irin rediyon nan ya san ƙarar. Ita ce take yi idan an danna makirfo za a yi magana, shuuu ya ɗauke, 'yar jar fitila ta kama. To shuuu ya ɗauke, fitilar ta kama. Na kalli ramin da ake soka makirfo, wayam, ba komai. Hannayena duka biyu suna kan cinyata, tasbaha a ɗaya.

Allurar ta zabura sau ɗaya ta koma. Gyaran murya.

Sannan ta ɗan ɗaga, ta yi tsalle, ta sauka a hankali.

La ilaha illallahu. Ban ji sauti ba, ko kaɗan, ɗakin shiru kamar kabari, amma na san sallamar nan kamar yadda na san sunana. Ta ci gaba da rawa, tana zuwa bakin jan layi ta dawo, ta je ta dawo, ko sau ɗaya ba ta shiga ba. Ina son in tashi ƙafa ta ƙi, ina son in karanta Ayatul Kursiyyu harshe ya yi nauyi, sai hawaye kawai. Kuma abin mamaki, wallahi bakina da ya saba, na ji shi yana motsi yana cewa ta taɓa.

Ƙas, fitila ta mutu, shuuu ya dawo. Sai muryar Mushe Idi, yana dariya yana kuka a haɗe: "Alhamdu lillahi! Kai Babarbare, Allah ya isa tsakanina da kai! Daidai? Ka ce ta yi daidai?"

Ƙas. Allura ta sake tashi. Wannan karon ta daɗe tana tafiya a hankali, irin yadda yake yi idan yana yi wa mutum nasiha. Da ta tsaya, sai na ji tsohon ya ce, da wata murya a natse wadda ban taɓa jin sa da ita ba, "To. To. Na jiya. Allah ya sa can ta hi nan. Ina hwaɗa mata." Bai ce sai gobe ba.

Ban san yadda na fita ba. Gwaggo ta ce ta gan ni na zube a tsakar gida, ta yi ta tofa mini addu'a.

Washegari da hantsi sai ga Dije, ta shigo ko sallamar kirki ba ta yi ba, idonta jawur. Ta ce, "Inna, haka munka yi da ke? Ba ki yi mini alkawari ba?" Na ce me ya faru. Ta ce jiya bayan la'asar babanta ya kira su duka, ya ce don me suka ɓoye masa abokinsa ya rasu, har ranar ya faɗa musu, ya ce ran Alhamis da hantsi, a inuwar bedi. Suka ce wa ya gaya maka. Ya ce abokina da kansa, ya ce mini ba hushi ba ne, tahiya ce ta kama shi.

Ban yi mata gardama ba. Na kama hannunta na kai ta ɗakin, na nuna mata ramin makirfo, na nuna mata akwatin da kwaɗonsa, har ƙura ta kwanta a kai, na ce mabuɗin yana Konni, ki kira ki tambaya. Na ce ko da na yi magana, muryar mace zai ji. Ta ce ita lokacin tana tsakar gida, ta ji babanta yana magana yana dariya, amma daga rediyon ba ta ji komai ba sai shuuu. Sai ta zauna a ƙasa. Ta ce, "Akwai saƙo da ya ce in ba ki. Wai abokinshi ya ce a hwaɗa wa Uwar Rabi ta cire wayar eriya in ta gama, damina ta, ta bar mantawa."

Wannan ita ce maganar da yake yi mini kullum idan hadari ya taso, saboda tsawa. Kuma tun rasuwarsa ban cire ba ko sau ɗaya. Wa ya sani in ba ni ba?

Na miƙa hannu zan cire, idona ya faɗa kan maɓallan nan biyu. Na ƙarfin watsawa yana can ƙasa inda yake barinsa, wurin da yakan ce ko Dogarawa da ke nan kusa da mu ba ya kaiwa. Na muryar kuwa, ni na san inda na bar shi, a ɗigon ƙarshe, inda fili ya kusa ƙarewa, kullum ina kallonsa a wurin. Ranar na same shi ya koma baya, ya tsaya cif a kan ɗigon farko, wanda ya sa da hannunsa tun yana da lafiya.

Mushe Idi bai faɗi ba kamar yadda ake tsoro. Dije ta ce ranar ya ci tuwo ya ƙara, ya sa aka yi wa abokinsa sadaka, ya sa aka rufe rediyonsa da zane, bai sake kunnawa ba. Kafin a yanke gero shi ma ya tafi, cikin barcin rana, ba wahala.

Na tambayi limamin unguwarmu ta bayan labule. Ya ce wanda ya mutu ba ya dawowa, wannan haka yake, abin da na gani ko aljani ne, ko wani abu ne cikin ikon Allah da ba a ba mu saninsa ba, in yi ta yi masa addu'a in bar bincike. Na karɓa, ban ce maigidana ne ba, ban kuma ce ba shi ba ne. Da aka zo rabon gado na roƙa aka bar mini rediyon a kasona. Tana nan, eriya a cire, ban sake kunnawa ba, maɓallin kuma ban taɓa shi ba. Ina share ƙurar da ke kewaye da shi in bar shi a ɗigonsa. Wani lokaci bayan la'asar, idan na zo wucewa ta ƙofar, sai in ji kamar an yi ƙas, tsigar jikina ta tashi, in yi sauri in wuce ba na waiwaye. Wani lokacin kuma in tsaya in ce, ko ma mene ne ya yi magana ran nan, da cikakkiyar murya ya yi ta, bai nemi a ƙara masa ba. Sai in ji sanyi a raina.

'Yan uwa, idan za ku rabu da wanda kuke ƙauna, ko da wasa kada kalmar ƙarshe ta zama ba ni sake amsa maka, don ba ku san wanda zai kwana yana juya ta ba. Tsofaffinku kuma, in mutuwa ta zo, ku nemi lafazi mai taushi ku faɗa musu, sun fi mu sanin ta. Wanda ya karanta wannan, ya taimake ni da addu'a ga Babarbare da Bafillacensa, Allah ya haɗa su a inda ba a rage murya.